Kalmar da Aka Haifa Cikin Tsumma

Kwanan baya wani yaro daga cikin masu koyon baftisma a Maamobi ya kawo mini takardar neman shiga makaranta, jikinsa a sanyaye. A ƙasan takardar an rubuta da Turanci cewa za a yi "scrutinize" ɗin shaidunsa duka, shi kuwa ya zaci tuhuma ce. Na ce masa, "Ɗana, kwantar da ranka. Ma'anarta a bincika abu filla-filla, ciki da baya." Da na bi sawun kalmar daga baya, sai na iske uwar yaron, wadda take sayar da gwanjo, ta fi mu duka sanin aikinta.

Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Romawa na dā. Suna da kalma "scruta", wato tsummoki da tarkace da tsofaffin kaya. Mawaƙinsu Horas, wanda ya mutu shekara 8 kafin haihuwar Almasihu, ya ambace ta inda yake ba da labarin wani mai sayar wa talakawa kayan araha. Daga nan aka sami "scrutari", wato tonon irin wannan tulin kaya ɗaya bayan ɗaya, ko a dace da abin kirki.

Wanda yake zaune a Ankara, babban birnin Gana, ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ya yi sammako zuwa Kantamanto, kusa da Kasuwar Makola, ranar da ake kwance dila. 'Yan kasuwa sukan sayi dilar a ɗaure, cinikin biri a sama ke nan, gama ba wanda ya san abin da ke ciki. Da an yanke ɗaurin sai mata su sunkuya. Wannan ta ɗaga riga wajen haske, ta juya ta, ta duba wuya da hammata, ta ja ɗinki ta gani ko zai sake. Kayan da mutanen nan suke kira "obroni wawu", tufafin Baturen da ya mutu, a cikinsu take neman kuɗin makarantar 'ya'yanta. In ta yi garaje, jarinta ya tafi. Abin da Romawa suke nufi ke nan.

Yaya kuwa kalmar ta tashi daga kasuwa ta hau teburin manya? Ta ƙofar Ikkilisiya ta bi. A Littafi Mai Tsarki na Latin, ita aka mora a Yahaya 5:39, inda Yesu ya yi zancen nazarin Littattafai, da kuma Ayyukan Manzanni 17:11, wajen mutanen Biriya da suke bincike kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Ikkilisiyar Roma ta dā kuma takan gwada masu neman baftisma a kwanakin azumi kafin Ista, ana kiran gwajin "scrutinium". Da fari sau 3 ake yi, daga baya ya kai 7. Katolika sun komo da shi a 1972, a Lahadi ta 3 da ta 4 da ta 5 ta azumi.

Haka nan ta shiga sha'anin zaɓe. Babban taron Lateran na 1215 ya lasafta ta cikin hanyoyin zaɓen shugabannin Ikkilisiya, wato a karɓi muryar kowane mai zaɓe a asirce, a ƙidaya. Tun 1996 ita kaɗai ce hanyar zaɓen Paparoma. Da wannan ma'ana ta ƙidayar murya "scrutiny" ta shiga Turanci a ƙarni na 15, "scrutinize" kuwa ta biyo a ƙarni na 17. 'Yan'uwanmu na Togo da Nijar har yau suna jin "scrutin" a Faransanci duk lokacin jefa ƙuri'a.

Makola kanta ta ɗanɗana abin da yakan faru in aka yanke hukunci ba tare da wannan aiki ba. An gina kasuwar a 1924. A 1979, sa'ad da kaya suka yi wuya, aka ɗora laifin a kan matan kasuwa, cewa su ne masu "kalabule", wato ɓoye kaya da tsauwala farashi. Ran 18 ga Agusta na shekarar, a zamanin mulkin soja na Rawlings, aka rushe kasuwar. Lalle akwai masu ɓoye kaya, amma ba a tsaya an ware su daga mai tallan barkono da gishiri ba. Aka yi musu kuɗin goro, aka zubar da dilar duka ba a kwance ta ba. Kaya kuwa ba su wadata ba, har aka shiga yunwar 1983.

To, 'yan'uwa, mai tonon tsumma yana da halaye uku da ya kamata mu lura. Yakan sunkuya, ya taɓa kayan da hannunsa, gama gani ya kori ji. Yakan ɗauke su ɗaya-ɗaya, ba ya hukunta tuli. Na uku kuma, mai kyau yake nema, domin ba wanda zai yi sammako saboda ya ƙidaya yagaggun riguna. Mu da muke zaune a Nima da Maamobi mun san zafin a ce "mutanen Zango" a haɗa mu duka a magana guda. Kada mu ma mu yi wa maƙwabci haka, ko a sulhun ma'aurata, ko a zaɓen dattawa, ko a jita-jitar unguwa.

Na koma na gaya wa yaron labarin nan. Ya yi dariya, ya ce bari ya kai wa uwarsa takardun ta fara dubawa, gama in sun tsira daga idonta, ba ofishin da zai sami aibu a cikinsu.