Dokar Gado da Sunan Matar Mamaci a Turanci

A Turanci galibi sunan namiji ne tushe, a yi masa ƙari a samu na mace, kamar yadda prince ya haifi princess. Da aka zo kan rasuwar abokin aure sai tsarin ya juye. Kalmar widow, wato matar da mijinta ya rasu, tana cikin tsofaffin kalmomin harshen, danginta su ne vidua ta Latin da vidhava ta Sanskrit. Tsohon Turanci yana da siffar namiji, amma da ƙarshen kalmomi ya zaizaye sai kalmar ta zauna wa mace, aka ƙera widower daga jikinta a ƙarni na 14. A ganina dokar dukiya ce ta jawo haka, domin ba wanda zai ce mazan Ingila ba su san zafin rashi ba.

A dokar Ingila ta da, aure yana haɗiye matsayin mace. Masanin shari'a William Blackstone ya bayyana a 1765 cewa miji da mata mutum ɗaya ne a gaban shari'a, kuma mijin ne ke wakiltar su. Rasuwar mijin ce ke maido wa matar da ikon mallaka da ƙulla ciniki da kai ƙara, ta kuma ci moriyar sulusin filayensa muddin ranta. Tun a 1215 yarjejeniyar Magna Carta ta ba ta kwana 40 a gidan mijin kafin a ware mata rabonta, ta hana a tilasta mata sake aure. Macen da ta shiga wannan hali dole alƙali da magada su san sunan da za su kira ta, shi ya sa kalmomin suka yawaita a kanta: dowager ga mai riƙe da sarauta ko dukiyar marigayi, relict kuma, wadda ake sassaƙawa a kan kaburbura, ma'anarta abin da aka bari. Namiji kuwa matsayinsa bai motsa ba. Masaniyar harshe Robin Lakoff ta lura a 1975 cewa Bature yana jingina widow ga sunan mijin da ya rasu, amma da wuya ya jingina widower ga sunan mata.

Za a iya cewa lissafi ne kawai: mata sun fi tsawon rai, suna auren waɗanda suka girme su, maza kuma kan yi saurin sake aure. Gaskiya ne, sai dai wannan ya bayyana yawan amfani da kalmar ne, bai bayyana jinginawar ba. Hausa ma tana da mata masu yawa da suka rasa mazaje, amma bazawara ta haɗa wadda aka saka da wadda aka mutu aka bari, saboda abin da ake dubawa shi ne halaccin sake aurenta bayan idda ko takaba. Bambancin da doka ke yi tsakanin mace da namiji ya daɗe: a Birtaniya sai a 2001 aka buɗe wa maza tallafin da gwamnati ke bai wa wanda abokin aurensa ya rasu, alawus ɗin uwa mai renon marayu ya koma na mahaifi ko mahaifiya.