Yaƙin Gicciye: Birnin da Takobi Ya Kasa Riƙewa

'Yan'uwa matasa, ya kamata mu san wannan tarihi, ko da yake ba shi da daɗin ji.

A shekara ta 1071 Turkawan Saljuk suka ci rundunar Rumawan Gabas a Manzikat, suka mamaye yawancin ƙasar da ake kira Turkiyya a yau. Sarki Aleksiyus ya nemi agaji wurin Kiristocin Yamma. A 1095, a Faransa, Paparoma Urban na Biyu ya kira mayaƙa su je su ƙwato Urushalima, ya yi musu alkawarin gafarar zunubi. Wasu ibada ta fitar da su, wasu kuwa kwaɗayin ƙasa da ganima.

Ran 15 ga Yuli 1099 suka ci Urushalima, suka karkashe Musulmi da Yahudawan birnin. Amma a 1187 Salahuddin ya karɓe ta. A 1204 mayaƙan gicciye suka washe Konstantinoful, birnin 'yan'uwansu Kiristoci, ɓarakar da ke tsakanin ikkilisiyar Gabas da ta Yamma ta ƙara faɗi. Da faɗuwar Akka a 1291, mulkinsu a can ya ƙare.

Tushen ɓatan shi ne koyarwar cewa yaƙi na iya sayen gafara, alhali Almasihu ya riga ya biya a kan gicciye. A Gatsemani ma ya hana Bitrus kare shi da takobi. Duk wanda ya kira mu zuwa ramuwa da sunan Yesu, mu auna maganarsa da wannan.