Muhawarar Bagadaza: Shin Hankali Yana da Harshe?

Kwanan baya muna zaune a gindin darbejiya bayan an tashi daga lacca, sai wani abokina ya ce wai Hausa ba za ta iya ɗaukar falsafa ba. A cewarsa, ta dai isa a yi ciniki da waƙa da tatsuniya da ita, amma in tunani ya yi zurfi dole a koma Turanci. Na rasa amsar da zan ba shi a ranar. Da na shiga bincike sai na tarar ashe wannan gardama ta girme mu da fiye da shekara dubu, kuma an taɓa yin ta a gaban waziri a birnin Bagadaza. Labarinta nake so in kawo wa mai karatu.

A ƙarni na 9 da na 10 na Miladiyya, zamanin Abbasiyawa, an duƙufa wajen juya littattafan Yunanawa zuwa Larabci. Da yawa daga cikin masu fassarar Kiristoci ne masu jin Suryananci, irin su Hunainu ɗan Ishaƙa wanda ya rasu a 873. Sau da yawa littafi yakan tashi daga Yunananci ya faɗa Suryananci, sannan ya iso Larabci. Ta wannan hanya ce manɗiƙin Aristo, watau ilmin auna hujja, ya shigo hannun Larabawa.

To, wajen shekarar 932, a majalisar waziri Ibnul Furat, aka haɗa malamai biyu. Ɗaya shi ne Abu Bishir Matta ɗan Yunusa, Kirista, shugaban masu manɗiƙi a Bagadaza. Ɗayan kuwa Abu Sa'id Assirafi ne, gwanin nahawu, wanda ya yi sharhin littafin Sibawaihi. Matta ya tsaya a kan cewa manɗiƙi ma'auni ne, da shi ake rarrabe ingantacciyar magana da gurɓatacciya. Ya ce ruwan mai manɗiƙi da ma'ana ne, mai nahawu kuwa da lafazi, ita ma'ana kuma ɗaya ce ga dukan al'umma, kamar yadda huɗu da huɗu takwas ne ko'ina.

Assirafi bai yarda ba. Ya ce ba kowace ma'ana ce take a sarari kamar lissafi ba, kuma babu mai kai wa ga ma'ana sai ta ƙofar harshe. Aristo Bayunane ne, ya gina ma'auninsa bisa harshen mutanensa, to, da wane dalili za a ɗora wa Balarabe da Baturke da Ba'indiye shi? Sa'an nan ya soki Matta a inda ya fi ciwo, domin Matta ba ya jin Yunananci, daga Suryananci yake fassara. Har ya tambaye shi ma'anonin harafin wawun a Larabci, Matta ya kasa. Aka tashi a kan Assirafi ya yi rinjaye. Amma mu lura, wanda ya adana mana labarin, Abu Hayyan Attauhidi, almajirin Assirafi ne, kuma kowa ya san mai ba da labarin dambe ba ya kayar da nasa.

Duk da haka, tsoron Assirafi ba banza ba ne. Da Matta ya fassara littafin Aristo a kan waƙa, sai ya ci karo da nau'o'in wasan kwaikwayo biyu na Yunanawa, na ban tausayi da na ban dariya. Larabawa ba su san irin wannan wasa ba, saboda haka ya kira na farko yabo, na biyu zambo. A kan wannan fassara Ibn Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya yi sharhinsa, yana kawo misalai daga waƙoƙin Larabawa.

Wanda ya raba gardamar, a ganina, shi ne Alfarabi, wanda ya zauna Bagadaza a wannan zamani, ya rasu a 950. Ya ce nahawu yana tsara lafazin al'umma ɗaya, manɗiƙi kuwa yana duba abin da harsuna suka yi tarayya a kai. A cikin Kitabul Huruf ya lura cewa Yunananci da Farisanci suna da kalma mai haɗa abu da sifarsa, wadda kuma take nuna samuwa, amma Larabci ba shi da takwararta, shi ya sa masu fassara suka ari "huwa" da "maujud" suka ɗora musu sabon aiki. Bai ce Larabci ya gaza ba. Rashin kalmar ne ma ya sa shi ya tono abin da take nufi.

A nan ne na tuna da Hausa. Inda Bature zai yi amfani da aikatau guda, mu hanya uku muke bi. Mukan ce Audu malami ne, mu ce Audu yana gida, mu ce akwai ruwa. Sifa daban, wuri daban, samuwa daban. Aristo da kansa ya yi gargaɗi cewa kalmar tasu tana da ma'ana fiye da ɗaya, mu kuwa tun muna goye muke rarrabe su.

Kada kuma a zaci wannan ilmi baƙo ne a ƙasarmu. Shaihu Almagili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya yi rubutu a kan manɗiƙi, har ya yi musayar baitoci da Assuyuɗi na Masar wanda ya haramta shi. Hujjar Almagili ita ce a san mutane ta wurin gaskiya, kada a san gaskiya ta wurin mutane. A Daular Sakkwato kuma, Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1864, ya yi rubuce-rubucen falsafa da Larabci.

Abin da na koya shi ne, tun asali Larabci ba shi da kalmomin falsafa a shirye. Masu fassara ne suka ƙera su, aka yi ta kuskure ana gyarawa, har ya zamana a ƙarni na 12 Turawa suna zuwa Toledo su juya waɗannan littattafai daga Larabci zuwa Latin. Harshe ba ya zuwa duniya da falsafa a bakinsa, masu shi ne suke sa shi aikin.

Saboda haka na koma wurin abokina na ba shi labarin nan. Ya ce to, yaya za mu bambanta hankali da tunani da basira da wayo? Muka kama gardama har aka kira magariba, kuma da Hausa muka yi ta tun daga farko har ƙarshe.