Tarihin Mikin Lishmaniya da Garkuwar Jikin Ɗan Adam

Cikin shekarar 1911 wani likitan Faransa mai suna Stévenel ya rubuta bayani a kan wasu gyambuna da ya gani a jikin mutanen Damagaram, ya nuna cewa irin mikin nan ne da aka daɗe da saninsa a ƙasashen Gabas. Wannan shi ne rahoto na farko a kan ciwon lishmaniya na fata a Afirka ta Yamma. A 1924 Dyce-Sharp ya ba da makamancinsa daga Nijeriya. Damagaram kuwa tana iyaka da Jihar Jigawa ta yau, saboda haka labarin ya shafi ƙasar Haɗeja, inda yanayi da zaman manoma suka yi kama da na can.

An samo sunan cutar daga William Leishman, likitan sojan Ingila, wanda shi da Charles Donovan suka bayyana ƙwayarta a 1903. A 1921 aka tabbatar cewa wani ɗan ƙanƙanin ƙuda mai cizo da dare shi ke yaɗa ta. A ƙasashen Sudan ƙudan yakan ɗauko ƙwayar daga ɓerayen daji, ya zuba ta a fatar mutum. Sai ƙurji ya fito, ya fashe, ya yi wata da watanni, sannan ya warke ya bar tabo.

Abin lura shi ne, wanda ya warke da wuya ya sake kamuwa. Mutanen Gabas ta Tsakiya sun gane haka tun kafin a san ƙwayar cuta. Sukan ɗebi ruwan mikin su sa a cinyar yaro, don kada ya fito masa a fuska daga baya. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a nan, domin Fulani makiyaya sukan tsaga hancin saniya su sa ɗan yankin huhun wadda ta kamu da ciwon huhu, don su kare garke. A lokacin yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988, hukumar Iran ta yi wa mutane fiye da miliyan ɗaya irin wannan lamba, amma ta daina, saboda mikin waɗansu ya ƙi warkewa.

Sai a baya-bayan nan masana suka fahimci dalili. Ƙwayar takan ɓuya ne a cikin ainihin ƙwayoyin jiki masu aikin haɗiye cuta, watau ɓarawo ya sami masauki a ɗakin mai gadi. A 1986 Mosmann da Coffman suka nuna cewa fararen ƙwayoyin jini masu ba da umarni iri biyu ne. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna cewa idan iri na farko ya rinjaya, masu gadin sukan farka su kashe abin da suka haɗiye. Idan na biyu ya rinjaya, cutar ta ci gaba. A 2002 kuma aka gano cewa ɓerayen da suka warke sukan riƙe 'yan ƙwayoyi masu rai a gurbin mikin, kuma idan aka share su ƙaf, garkuwar ta ɓace.

Wannan yana cikin dalilan da suka sa har yanzu ba a sami allurar rigakafin cutar ta mutane ba, alhali an kawar da agana daga duniya tun 1980. Jiki ba ya riƙe wannan darasi sosai sai da ƙwaya mai rai, mai rai kuwa ba ta da tabbas. Kafin a warware wannan ƙulli, abin da ya rage ga ma'aikacin lafiya a ƙauyukan fadamar Haɗeja shi ne gidan sauro mai magani, da tsabtace kewayen gida daga ramukan ɓera, da gaggauta kai duk mikin da ya ƙi warkewa asibiti.