Doki ne ko ƙuru: taƙaddamar masu kiwon ƙananan dawaki a Amurka

A ƙasar Amurka akwai wasu dawaki waɗanda tsayinsu bai wuce ƙugun mutum ba, ana kiwonsu domin sha'awa da gasar nuna kyau da kuma jan keken doki. Shekaru da dama ke nan masu kiwonsu na jayayya da masu kiwon ƙuru, musamman irin na Shetland, game da sunan da ya dace da waɗannan dabbobi, da wanda ya cancanci shiga kundin rajista, da kuma wanda ya kamata ya kara da wani a filin gasa.

Lamarin ya wuce batun suna kawai, domin kuwa takardar rajista ita ce ke yanke darajar doki a kasuwa, ita ce ke ba shi damar shiga gasa, kuma da ita ake karɓar 'ya'yansa a kundi.

Bambancin doki da ƙuru

Bisa ƙa'idar Hukumar Wasannin Dawaki ta Duniya, wato FEI, duk dokin da tsayinsa bai wuce santimita 148 ba, in an auna shi a doron kafaɗa ba tare da takalmin ƙarfe ba, ƙuru ne. Idan aka bi wannan ma'auni, babu wani ƙaramin doki da zai tsira daga sunan ƙuru.

Amma masu kiwon ƙananan dawakin na cewa tsayi kaɗai ba ya isa. A cewarsu ƙuru dabba ce mai kaurin jiki da gajerun ƙafafu da kaurin wuya da yalwar geza, alhali abin da su ke nema shi ne doki mai siffar ingarma sak, mai siririn wuya da dogayen ƙafafu daidai jikinsa, wanda in aka ga hotonsa shi kaɗai ba za a gane ƙarami ba ne.

Masu kiwon Shetland kuwa na amsawa da cewa akasarin waɗannan dawaki jinin Shetland ne ke gudana a jikinsu, suna kawai aka sauya musu.

Asalinsu

Ƙurun Shetland ya samo sunansa ne daga tsibiran Shetland da ke arewacin Scotland. Kasuwarsa ta buɗe bayan da majalisar dokokin Birtaniya ta kafa dokar 1842, wadda ta hana mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 aiki a cikin ramukan haƙar kwal. Daga nan aka koma amfani da gajerun dawaki wajen jan kwal a ƙarƙashin ƙasa. An yi irin wannan aiki da su a Amurka ma, a yankin tsaunukan Appalachia, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20.

An kafa ƙungiyar masu kiwon Shetland ta Amurka, ASPC, a 1888, ita kuma takwararta ta Birtaniya a 1890. A Birtaniya ba a yarda tsayin Shetland ya wuce inci 42 ba, wato santimita 107, yayin da a Amurka aka amince da shi har zuwa inci 46.

Wani tushen kuma shi ne Ajantina, inda iyalan Falabella suka daɗe suna zaɓen mafi ƙanƙanta cikin dawakinsu suna haɗa su barbara, har aka sami irin da ake kira da sunansu. Su ma sun yi amfani da jinin Shetland.

Ƙungiyoyi biyu, ma'auni biyu

A farkon shekarun 1970 ƙungiyar ASPC ta buɗe wani kundi na daban domin ƙananan dawaki, mai suna AMHR. Kundin na da rukuni biyu: rukunin A na dawakin da ba su wuce inci 34 ba, kimanin santimita 86, da rukunin B na waɗanda suka haura inci 34 zuwa 38, kimanin santimita 97.

A 1978 wasu masu kiwo suka kafa wata ƙungiya mai zaman kanta a jihar Texas, AMHA, da nufin a san ƙaramin doki a matsayin iri na musamman da ya rabu da ƙuru. Ita AMHA iyakarta inci 34.

Sakamakon haka, doki mai inci 36 cikakken ƙaramin doki ne a wajen AMHR, amma ba shi da gurbi a kundin AMHA. Kowace ƙungiya kuma da babbar gasarta ta shekara-shekara: AMHA na yin tata a birnin Fort Worth na Texas, AMHR kuma a Tulsa da ke jihar Oklahoma. Mai kiwon da ke son shiga duka biyun sai ya biya kuɗin zama ɗan ƙungiya da na rajista sau biyu.

Inda ake ɗora ma'auni

A al'adar masu dawaki ana auna tsayi ne a doron kafaɗa, inda wuya ya haɗu da baya. Ƙungiyoyin biyu na Amurka kuwa suna auna ƙananan dawaki a daidai gashin ƙarshe na geza, wurin da sau da yawa ya ɗan fi doron kafaɗa ƙasa. Masu sukar wannan tsari na cewa yana sa doki ya zama gajere a takarda fiye da yadda yake a zahiri, kuma ba kamar ƙashi ba, gashi abu ne da ake iya aske shi ko a yi masa dabara. Ana kuma ƙorafin cewa wasu na yanke kofato fiye da kima kafin awo domin su rage tsayi, abin da ke iya gurgunta dabbar.

Wata matsalar ita ce girma. Ɗuƙushi kan sami takardar wucin gadi ne, sai ya girma a sake auna shi kafin a ba shi ta dindindin. Idan ya zarce iyaka ko da rabin inci ne, zai iya rasa matsayinsa duk da cewa uwarsa da ubansa na cikin kundin. A nan ne tsarin biyu suka sha bamban: Shetland iri ne da ake tantancewa da farko ta hanyar jini, ƙaramin doki kuwa tun asali da tsayi aka san shi.

Masu takarda biyu a filin gasa

Ƙurun Shetland da bai wuce inci 38 ba na iya mallakar takardar ASPC da ta AMHR a lokaci guda. Shetland na Amurka ya bambanta da na tsibiran Scotland, domin an tace shi ya zama siriri mai dogon wuya, wani reshensa ma an gauraya shi da jinin Hackney, wanda aka sani da ɗaga ƙafa sama in yana tafiya.

Irin waɗannan masu takarda biyu sun yi fice a gasar AMHR, musamman a rukunin B da kuma jan keke. Masu kiwon tsohon samfurin ƙaramin doki na kukan cewa alƙalai sun karkata ga siffar Shetland, abin da ya rage wa nasu dawakin farashi. Ɗaya ɓangaren kuma na cewa dokar kundin tsayi ta ambata, kuma jinin Shetland gyara irin ya yi.

Lafiyar dabbobin

Likitocin dabbobi sun daɗe suna gargaɗi cewa neman ƙanƙanta ko ta halin ƙaƙa na yaɗa wadanci a cikin irin. Dokin da aka haifa wada yakan zo da karkatattun ƙafafu, da muƙamuƙin da bai daidaita ba, da wahalar numfashi. Masu bincike a Jami'ar Kentucky sun gano wasu sauye-sauye a ƙwayar halittar gado mai suna ACAN da ke haddasa hakan, kuma akwai gwajin da ake yi wa ingarma da goɗiya kafin a haɗa su. Thumbelina, goɗiyar jihar Missouri da ta shiga kundin Guinness da tsayin inci 17 da rabi kacal, wada ce. An haife ta a 2001, ta mutu a 2018.

Ko waɗanda ba wadanni ba na fama da cunkoson haƙora, da wahalar haihuwa, da ƙiba mai kawo ciwon kofato.

A waje da filin gasa kuwa takardar rajista ba ta da wani tasiri sosai. Ƙa'idojin da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta sabunta a 2010 ƙarƙashin dokar kare haƙƙin naƙasassu, waɗanda suka fara aiki a watan Maris na 2011, sun buƙaci wuraren hulɗar jama'a su ba da dama ga ƙananan dawakin da aka horar domin taimaka wa makafi da sauran naƙasassu, in hali ya yi. Abin da ake dubawa a nan shi ne horon dokin da girmansa da nauyinsa, ba ƙungiyar da ta yi masa rajista ba.