Kabewar kwali da ta tsira daga wuta

Bara da sanyi na shiga wajen ƴan bosho a kasuwar Maradi neman rigar sanyi. Cikin tarkacen da ke biyo dila, su ƴar tsana mai ido ɗaya da takalmi wari guda, sai na hangi wani ɗan bokitin roba ruwan lemu. An yi shi kamar kabewa, da baƙaƙen idanu masu kusurwa uku da baki mai giɓi yana dariya. Mai kayan ya ce dala ashirin, na ba shi sha biyar, na ce na ƙanwata ne. Da dare abokina da muke ɗaki ɗaya ya ɗauka ya jujjuya, ya ce: "Kai, wanga abu na bikin Halowin ne na Amurkawa. Na ga a waya ana saida tsofaffinsu da tsada, hala ka yi arziki ba ka sani ba." Wannan magana ce ta hana yarinya bokitinta har sati uku, ita ce kuma ta jawo wannan rubutu.

Asalin bikin ba zan daɗe a kansa ba. Daren 31 ga Oktoba ne, jajibirin ranar da Kiristoci ke tunawa da waliyyansu, kuma ya haɗu da wani tsohon bikin ƙarshen kaka na mutanen Ayalan da Sikotland. Can sukan rarake wata saiwa da Faransawa ke kira navet, su yanka mata fuska, su sa wuta a ciki. Da yunwar dankali ta 1845 ta kori mutanen Ayalan zuwa Amurka, sai suka tarar da kabewa, wadda ta fi girma ta fi sauƙin rarakewa. Abin da ya fi ja mini hankali ya zo daga baya, lokacin da ƴan kasuwa suka gane cewa wannan dare yana iya cin kaya.

Wajen 1900 zuwa 1930, Halowin a biranen Amurka walimar manya ce, samari da ƴanmata. Uwargida ta ƙawata falo, a yi wasannin duba, wai budurwa ta kalli madubi tsakar dare ta ga fuskar wanda za ta aura. Kamfanin Dennison na jihar Massachusetts, mai yin takarda mai tamoji ta ado, ya fitar da wani ɗan littafi mai suna Bogie Book a 1909, daga 1912 kuma ya riƙa fitar da shi kusan kowace shekara har tsakiyar shekarun 1920. Talla ce kawai: ga yadda za ki yanka takardarmu ki yi jemage, ga yadda za ki rufe tebur. Kamfanin Beistle na jihar Pennsylvania, wanda aka kafa a 1900, shi ma ya shigo wajen 1920 da ƙwarangwal na kwali mai gaɓoɓi masu motsi da baƙar kyanwa da mayya bisa tsintsiya. Har yau yana nan yana aiki. Ga kuma katunan gaisuwa da ake aikawa ta gidan waya, waɗanda suka yi tashe sosai kafin yaƙin duniya na farko, na kamfanin John Winsch da kuma waɗanda wata mata Ellen Clapsaddle ta zana, da yawansu a Jamus aka buga su.

Jamus ɗin nan ita ce ta tsayar da ni. Kayan da masu tarawa suka fi so a yau, wato fitilun kwali masu fuskar kabewa ko ta shaiɗan, da ƴan gidajen alewa da ake cire musu kai a zuba alewa a ciki, mafi yawansu daga Jamus suka fito, musamman tsakanin ƙarshen yaƙin farko da tsakiyar shekarun 1930. Alhali Jamusawan wancan zamani ba su yin Halowin, ko kaɗan. A yankin Turinjiya, kewayen garin Sonneberg wanda ya yi suna da kayan wasan yara, ɗan kasuwa ne ke kai aiki gida-gida. Uba ya danna jiƙaƙƙen kwali ko ƙullin takarda cikin mazubi, uwa ta haɗa rabi da rabi, yara su shafa fenti, a jera bakin murhu ya bushe. Biyan kuwa bisa yawan abin da aka yi ne, kuma bai taka kara ya karya ba. Ƙasar ta fito daga yaƙi a karye, kuɗinta ya zama takarda a 1923, saboda haka duk wanda zai kawo dalar Amurka maraba ake da shi. Shagunan Woolworth, inda ake sayar da kaya a kan santi biyar da santi goma, har gidan sayen kaya suka gina a Sonneberg.

Nakan zauna in yi tunanin yarinyar da ke shafa wa kabewa haƙora daga safe har dare, ba ta san wane ne zai saya ba, ba ta san abin da ake yi da ita ba. An dai ce mata Amurkawa na so. Tunda hannu ne ya yi fentin, fuska biyu ba su zama ɗaya sak, kuma wannan bambanci na hannun yara shi ne yau ake yabo a gidajen gwanjon kayan tarihi. A ƙarƙashin fitilar kuwa ba sunan kowa, sai kalma ɗaya da aka buga da tawada, sunan ƙasar.

To mi ya sa abin santi goma ya koma na ɗaruruwan daloli, wani ma dubbai? Kuma dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Amsar tana cikin yadda aka yi fitilar. Kwali ce, a bayan ramukan ido da baki an manna wata siririyar takarda mai zanen ƙwayar ido da haƙora, sannan a kafa kyandir a ciki a kunna. Wuta cikin takarda, a hannun yaro, da dare, ga iskar kaka. Wadda ba ta kama wuta ba ruwa ya jiƙa ta, wadda ta kai safiya aka zuba ta a shara. Kayan Kirsimeti akan naɗe su a ajiye a akwati, uwa ta bar wa ɗiya, shi ya sa tsofaffinsu ke da yawa. Na Halowin na dare ɗaya ne. Ashe kuɗin da ake biya yau kuɗin ƴan'uwanta ne da suka ƙone. Fitilar da ke da takardar fuskarta ta asali, ba ƙuna ba yagewa, sau da yawa tana nufin wani yaro ne bai samu ya kunna ta ba, ko kuma ta kwana a shago ba wanda ya saya. Wadda aka yi murna da ita sosai, ta yi baƙin hayaƙi, darajarta ta faɗi. Wannan lissafi ya daɗe yana ba ni haushi, na rasa kuma inda zan kama shi da ƙarya.

Da Hitler ya hau mulki a 1933 ciniki tsakanin ƙasashen biyu ya fara sanyi, yaƙi ya zo ya rufe ƙofar. Amurkawa suka koma yin nasu fitilun da irin kwalin da ake zuba ƙwai. A lokacin ne kuma bikin ya fara saukowa daga manya zuwa yara, al'adar bi gida-gida ana roƙon alewa ta yaɗu a shekarun 1930, rabon sukari na lokacin yaƙi ya dakushe ta, ta dawo da ƙarfi a shekarun 1950. Fuskokin kayan ma suka canza. Shaiɗan mai jan ido da mayya mai ban tsoro suka ja baya, kabewa mai murmushi ta maye gurbi, tunda ba a son a firgita mai saye. Shi ya sa masu tarawa ke cewa, a yawancin lokuta, abin da ya fi muni ya fi tsufa. Daga nan roba ta shigo, da kacau-kacau na gwangwani na kamfanoni irin su Kirchhof, da kyandirori masu siffar fatalwa na Gurley. Waɗannan ma ana tara su, amma roba ba ta mutuwa da sauƙi, don haka kuɗinta bai kai na kwali ba.

Wani ɗan ƙungiyarmu da ya ga na duƙufa ya ce mini: "Mi ya kai ka ga bikin da ba namu ba, ga hoton shaiɗan ga na mayu?" Na ce masa ban kunna kyandir ko ɗaya ba, kuma ko a Amurka akwai Kiristoci da yawa da ba su yarda da bikin. Ni tarihin kaya nake bi. Na kuma tambaye shi ko ya taɓa ganin gemun auduga ko ƙwaryar da wani yaro ya yi tashe da ita a 1960. Ya yi dariya ya ce wa zai ajiye wannan. Haka su ma suka ce a 1925.

Yadda ake gane shekarun abu shi ne ya fi kama da aikin da malamanmu na tarihi ke koya mana. Wata dokar kwastan ta Amurka ta 1890 ta tilasta a rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito, don haka tambarin ƙasa shi ne shaida ta farko. In an rubuta Jamus ta Yamma, abin bayan yaƙi na biyu ne. In an rubuta Japan da ke ƙarƙashin mamaya, tsakanin 1947 ne da 1952. In adireshin kamfani na ɗauke da lambar gidan waya mai alƙaluma biyar, bai riga 1963 ba. In akwai layukan nan baƙaƙe da injin kanti ke karantawa, bai riga 1974 ba. Kacau-kacau mai mariƙin itace yawanci ya girmi mai mariƙin roba. Har fitilar nan mai shuɗin haske ta gwada kuɗin jabu suke haskawa, domin farar takardar zamani tana ƙyalli a ƙarƙashinta saboda sinadarin da aka fara zuba mata wajen shekarun 1950, tsohuwar kuwa ba ta yi.

Duk wannan taka-tsantsan saboda jabu ne. Da kasuwar eBay ta buɗe a 1995, kayan da ke ɓoye a rufin gidaje suka fito, farashi ya tashi, masu wayo suka biyo baya. Ana yin sabuwar fitila a shafa mata datti, a sa mata sabuwar takardar fuska a ce ta asali ce. Wani mai tarawa, Mark Ledenbach, ya fitar da littafi a 2003 da hotuna da kimar kowane abu da ma'aunin ƙarancinsa, ya kuma daɗe yana gargaɗi kan irin wannan ha'inci. Gyara ma laifi ne a wurinsu: in ka ga kunnen kyanwa ya karye ka manna da gam ka sake fenti, ka rage mata kuɗi da hannunka. Littattafan nan suna sanin kamfani, suna sanin shekara, wani lokaci har shagon da ya sayar da farashin da aka rubuta da fensir a baya. Iyalin da suka zauna bakin murhu suka yi aikin ne kawai ba su da shafi.

Bayan sati uku na kifa bokitina na duba gindinsa da kyau, abin da ya kamata in yi tun daren farko. An rubuta China, ga ragowar takardar kanti da layukanta baƙaƙe ba ta gama ɓarewa ba. Abokina ya ce to a ajiye shi shekara tamanin mu gani. Na ce irinsa miliyoyi ne, kuma ko a bola aka jefa su suna nan. Na kai wa ƙanwata. Ta yi kwana biyu tana ɗebo ruwa da shi tana yi wa ƴar tsanarta wanka, sai mariƙin ya tsinke. Yanzu yana madafa, inna na zuba dunƙulen magi da ashana a ciki, ta juya fuskar ta kalli bango don ta ce ba ta son yana yi mata dariya tana tuƙa tuwo.