Shaihu Umar a Hannun Ɗalibanmu, da Tarihin da ke Bayansa

 

A hutun da ya wuce wani ɗan'uwa ya zo mana da littafin Shaihu Umar daga Kano, muka ce bari mu karanta shi da manyan ɗalibai bayan La'asar, a sha iska kaɗan daga nahawu da sarfu. Mun ɗauka hira ce za a yi ta mako guda a wuce. Ashe mun taɓo wurin da ke ciwo.

Ga wanda bai san littafin ba, Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi lokacin yana malamin makaranta a Bauci, tun bai zama firaministan Nijeriya ba. An buga shi a 1934, yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Labari ne ƙagagge na wani malami da ke ba almajiransa tarihinsa: an sace shi yana ƙarami, ya faɗa hannun masu harin bayi, aka kai shi Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi Masar ya riƙe shi kamar ɗa, har ya yi karatu mai zurfi. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma aka yaudare ta aka sayar, ta ƙare a Tarabulus. Sun gana a can, ba ta jima ba ta rasu.

Samarin da farko hankalinsu na kan hari da tafiyar hamada. Ƴan matan kuwa uwar suka riƙe. Da muka kai wurin rasuwarta ajin ya yi tsit, sai wata yarinya ƴar shekara kamar 15 ta ce: "Allah gafarta Malam, ita fa musulma ce, masu sayar da ita ma salla suke yi. Yaya aka yi haka ya halatta?" Wani yaro ya ce ai Abdulkarim mutumin kirki ne, ba don shi ba da Umar bai zama shaihi ba. Ta juya ta ce masa, in an ɗauke ka daga hannun innarka aka ba ka ilmin duniya duka, ka yarda? Bai amsa ba. Mu ma a ranar ba mu ba ta amsa mai gamsarwa ba, shi ya sa muke rubuta wannan.

Abu na farko: hanyar da littafin ya zana gaskiya ce, kuma ta ƙofar gidanmu ta bi. Ayarin fatake kan tashi daga Kano, ya yada zango a Zinder, ya haura Agadas da duwatsun Azbin, ya bi ta Gat, daga nan ko Gadamas ko Murzuk, har Tarabulus a bakin teku. Kayan da ake kaiwa arewa sun haɗa da fatu da hauren giwa da gashin jimina, da kuma mutane. Damagaram ta yi ƙarfi a ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun mai ganuwa da bindigogi, kuma cinikin bayi na cikin abin da ya ciyar da wannan ƙarfi. Baturen Ingila James Richardson ya zauna a Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda ya ga ana shigo da kamammu daga hari, wasunsu ma talakawan ƙasar ne.

Da yaran suka ce ai Umar ba shi da rai, ƙirƙirarsa aka yi, sai muka ba su labarin Dorugu. Shi kam ya rayu. Yaro ne Bahaushe daga ƙauyen Dambanas wajen Kance, aka kama shi, aka kawo shi Zinder, daga nan sai Kukawa ta Barno. A can wani Bajamushe, Adolf Overweg, ya ƴanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852 sai ya bi Heinrich Barth, wanda Larabawa ke kira Abdulkarim (ku dubi wannan dacen suna), suka je har Tumbutu, suka ƙetare hamada, ya isa Ingila a 1855. A can ya ba wani mai suna Schön tarihin rayuwarsa da Hausa, aka rubuta, kuma yana cikin tsofaffin zube na Hausar boko da ake da su. Daga baya ya dawo, ya rasu a Kano a 1912. Wani ɗalibi da kakanninsa mutanen wajen Kance ne ya yi ta tambaya ko Dorugu ya sake ganin danginsa. Tambayar ce dai ta uwar Umar ta dawo da wata riga.

To, mu koma ga tambayar yarinyar nan. Amsar ita ce bai halatta ba, kuma malamanmu na da ba su yi shiru ba. A shari'a asalin ɗan Adam ƴanci ne. Bukhari ya ruwaito hadisi ƙudusi cewa mutum uku Allah zai yi husuma da su ranar alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Alƙur'ani ya sa ƴanta bawa cikin kaffarar rantsuwa da zihari da kisan kuskure, ya sa shi cikin wuraren da ake kai zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ya kuma yi umarni a aya ta 33 ta Suratun Nur da a yi wa bawa mukataba in ya nemi fansar kansa.

Wanda ya fi kowa warware mas'alar a ƙasashenmu shi ne Shaihu Ahmad Baba na Tumbutu. Shi ya ɗanɗana da kansa. Bayan rundunar Maroko ta karya Sanwai a 1591, an kama shi, aka wawashe littattafansa, aka kai shi Marrakesh a ɗaure a 1594, bai dawo gida ba sai 1608. Mutanen Tuwat suka aiko masa da tambaya kan bayin da ake kawo musu daga ƙasar baƙar fata, ya amsa a 1615 da littafinsa Mi'irajus Su'ud. Ya ce launin fata ba ya sa mutum ya zama bawa, ya rushe zancen nan na cewa la'anar Hamu ɗan Annabi Nuhu ce ke bin baƙaƙe, ya kuma lissafa ƙasashen da mutanensu musulmi ne tun da daɗewa, irin su Barno da Kano da Katsina da Sanwai, ya ce mallakarsu haramun ce. Bayan kusan shekara 200 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya maimaita hanin bautar da ƴaƴa musulmi a Wasiƙatu Ahlis Sudan.

Amma kada mu yi wa yara rufa-rufa, don sun fi mu saurin gane ta. Ahmad Baba bai ce a soke bauta gaba ɗaya ba. Ya tsaya inda fiƙihun zamaninsa ya tsaya, wanda ya yarda da bautar da kamammen yaƙi wanda ba musulmi ba. Kuma wannan ƙofa ce masu kwaɗayi suka faɗaɗa: duk ƙauyen da ake son ci sai a ce arna ne, ko sun ƙi biyan haraji, ko sun yi tawaye. Wa zai tsaya a kasuwa ya bincika ko yarinyar da aka ɗaure ta iya Fatiha? Daular da Shehu ya kafa ma ta cika da rinji da gandayen bayi. Wannan mun faɗa wa ɗalibai ƙarara, ba don mu rage darajar magabata ba, sai don tarihin ya zo daidai.

Hanin ya zo a hankali. Ahmad Bey na Tunis, sarki musulmi, ya soke bauta a ƙasarsa a 1846, Faransa kuwa sai 1848 ta soke ta a ƙasashen da take mulka. Daular Usmaniyya ta hana fataucin baƙaƙen bayi a 1857, ko da yake ayari bai daina ratsa hamada ba. Faransawa sun kama Zinder a 1899, suka fitar da dokar hani a 1905, alhali su da kansu suna tilasta wa mutane aikin dole. A arewacin Nijeriya sai 1936 aka rufe babin a doka, wato shekara 2 bayan fitowar Shaihu Umar. Lokacin da Tafawa Ɓalewa ke rubutu, waɗanda aka sayar da su suna nan da ransu a unguwanni. Nan Nijar dokar da ta mai da bauta babban laifi ta 2003 ce, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12 da sunan wahaya.

Abin da ya fi tsaya mana a rai kuwa ya faru ne bayan an rufe littafin. Wani yaro mai shiru-shiru ya tsaya har kowa ya fita, ya ce: "Malam, yayana ya nemi aure aka hana shi, wai kakanmu bawa ne. In an sace kakan namu ne kamar Umar, laifin wa ke nan?" Mun san gidan, mun san yayan, mahaddaci ne, a sahun farko yake salla. Waɗanda suka hana shi ma a masallacin nan suke salla, kuma sun san Zainab bint Jahsh ta auri Zaidu ɗan Harisa wanda aka sace yana yaro aka sayar, sun san Bilal. Mun ce wa yaron laifin na wanda ya sata ne da wanda ya saya yana sane. Mun kuma yi masa alkawarin za mu je mu ga dattawan wancan gida bayan sallar Juma'a, mu da na'ibi da mutum biyu daga kwamitin masallaci.